Yadda Za Ka Gano Ciwon Bas Ɗin Surukinka Bayan Kai Ka Ɗaure Injin

Idan ka sauke injin mota da hannunka, ka wanke shi tas, ka sa masa sababbin zobban fistin, ka mayar, ya tashi lafiya lau a gareji, amma da zarar ya ji kaya a bayansa sai ya kama tari yana fizga, to ka zo wurin da ya dace. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kafin ka kai na ƙarshe za ka gano ciwon, motar za ta hau tudu, kuma mutuncinka zai dawo, ko da ba dukansa ba.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Tun a ƙaramar sakandare na sallami makaranta. Na yi ɗinki, na yi cajin waya a bakin tasha a Birnin Kudu, na yi acaɓa, na leƙa gidan burodi na fito. Mutumin da ya bar sana'o'i da yawa haka ya fi kowa sanin ta inda abu yake fara lalacewa.

Don darasin ya zauna, bari mu ɗauka motar bas ce, tsohuwa, irin wadda injinta yake ƙarƙashin kujerar gaba. Mu ɗauka ta Malam Abdulbaqi ce, mai Islamiyya a Dingaya, kuma ranar Asabar za ta kai ɗalibansa musabaƙa Birnin Kudu. Mu ɗauka yana da 'ya mai suna Mas'uda, kuma ya riga ya aiko maka ta bakin kawunka cewa ba zai saurari zancen turo magabata ba sai ya ga ka zauna a kan sana'a guda. Mu ɗauka ogan garejinku a Gwaram, Barau, ya tafi Zandam girbin gero, ya bar maka mabuɗi da umarnin kada ka taɓa abin da ya wuce faci da juyen baƙin mai. Kai kuwa da Malam ya aiko da bas tana hayaƙi, sai ka ga dama ta samu, ka ce a bar ta, aiki ne ƙarami.

Misali ne kawai. Kowa da irin tasa motar.

Mataki na ɗaya: Ka musa

Ɗayyabu, direban Malam, zai dawo maka da motar washegari yana huci. Zai ce a wofi lafiya take tafiya, amma da ya zuba mata buhunan riɗi ya fuskanci tudu, sai ta riƙa sarƙewa tana fizgar sa gaba da baya har hularsa ta faɗo.

Kada ka nuna ka ji tsoro. Ka karɓi mabuɗi, ka tayar da ita a gabansa. Za ta tashi bugu ɗaya, ta zauna tana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ka taka totur ta amsa. Ka juyo ka kalli Ɗayyabu da irin kallon da likita yake yi wa mai ƙaryar zazzaɓi, ka ce masa sabon inji sai a hankali, bai saba da ƙafarsa ba tukuna.

Zai ce shekara da shekaru ƙafar nan take taka motar nan. Ka ce ai tsohon injin ne ya san ta.

Ka lura da wannan: ciwon da ba ya fitowa a gareji ba ciwon bakanike ba ne, sai ran da aka kawo tudun cikin garejin.

Mataki na biyu: Bayan ya tafi, ka tsorata

Yanzu babu kowa, kana iya yin gumi.

Abin da take yi, mu masu sana'a muna kiransa misin. Ma'anarsa ɗaya daga cikin gidajen fistin huɗu ya ƙi kama wuta a kan lokaci, sauran suna ja shi yana kallo. Inji abu uku yake ci: mai, iska da wuta. Sai kuma ya matse su da kyau. Duk inda misin yake, ɗayansu ne ya yi yaji.

Ka fara da mai, don shi ne ya fi sauƙin zargi, tunda ba kai ka haƙo shi ba. Ka cire matata ka hura. Ka kwance kabireta ka wanke. Ka duba famfo ko yana turowa. Za ka tarar komai daidai. Ka zagi mai sayar da fetur na bakin hanya duk da haka, ba ya nan.

Ka koma kan wayoyin fulogi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko ka sarƙe su, ta wannan gida ta tafi wancan. Ba ka sarƙe ba. Ka aro koyil, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, daga wata motar da ke jiran mai ita, ka gwada, ka mayar kafin a gani. Ka duba tayimin, wato saitin lokacin kama wuta, alama tana kan alama. Ka kasa kunne ko iska tana sata ta wani gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarafan inji.

Daga nan sai matsi. Ba ku da agogon auna shi, saboda haka ka cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsanka, ka sa maƙwabcinku mai walda ya buga mabuɗi. Idan iskar ta ture yatsan, gidan yana da ƙarfi. Duk huɗun za su ture. Ka mayar da fulogin yadda ka ciro su, kada ka tsaya kallon su. Sababbi ne fil, kuma kai da kanka ka gyara musu baki. Mutum ba ya binciken inda ya tabbata.

Mataki na uku: Gwangwanin madara

Kowane bakanike da ya taɓa ɗaure inji yana da gwangwanin da yake zuba ragowar ƙusoshi. Ka zazzage naka a kan kwali, ka tsuguna ka kalle su, su kalle ka. Ka tambayi kowanne daga ina yake. Ba za su amsa ba.

Ka mayar da su, ka tura gwangwanin bayan tsofaffin tayoyi. Masu ƙera mota sukan sa ƙusoshi fiye da ƙima don gudun tsautsayi, kuma kowa ya san haka.

Mataki na huɗu: Kada ka je zance da wannan fuskar

Amma za ka je, na sani. Za ka wanke hannu da kalanzir da omo, ka hau aron babur zuwa Dingaya bayan la'asar, ka zauna a soro kana murmushin wanda komai yake hannunsa.

Mas'uda za ta kawo maka ruwa, ta gaishe ka da Injiniya, tana jan kalmar yadda ba za ka gane yabo ne ko ba'a ba. Za ta gaya maka ƙannenta biyu suna cikin masu musabaƙa, sun haddace har suna karatu cikin barci. Za ta ƙara da cewa ta ji Baba yana faɗa wa Inna idan motar ta tsaya da yara a hanya ranar Asabar, shi ba zai yi faɗa da kowa ba, zai dai san abin da ya sani.

Ka san Malam ba ya faɗa. Da ma faɗan yake yi, da ya fi sauƙi.

Da ka miƙa hannu karɓar kofi, idonta zai sauka a kan babban yatsanka na dama, wanda guduma ta fasa, farcen ya yi baƙi ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa mai kauri da tudu-tudu.

“Injiniya, wannan farce ne ko kofaton rago?” in ji ta. “Ka riƙa ɓoye shi in Baba yana kusa, kada a ɗaure ka da babbar salla.”

Ka yi dariya. Ka ce ado ne na masu sana'a. Kada ka fahimci komai a nan. Fahimta tana can gaba, kuma ba ta zuwa sai a gaban jama'a.

Mataki na biyar: Ka kira Oga, amma a madadin wani

Ka ce masa wani abokinka ne a wani gareji ya ɗaure inji, yana misin in ya ji kaya. Ka tausaya wa abokin sosai, ka ce yaron kirki ne, rawar kai ce ta yi masa yawa.

Oga Barau zai amsa daga gona, kana jin ana sarar kara a bayansa. Zai tambayi mai, ka ce an duba. Waya, an duba. Koyil, tayimin, an duba. Sai ya tambaya ko abokin ya gyara bakin fulogi.

A nan sai na yi wa baƙo bayani. A ƙarshen fulogi akwai ɗan ƙarfe da ya lanƙwaso a kan tsini, tsakaninsu akwai 'yar tazara, ta nan wuta take tsallakawa ta kunna mai. Akwai ma'aunin da ake sayarwa don wannan tazara, wasu siraran ƙarafa a haɗe kamar wuƙar aljihu. Na garejinku ya ɓata tun kafin ka zo duniya. Tun daga lokacin ma'aunin garejin shi ne farcen babban yatsa. Ka zura farce, in ya shige da ɗan kamu, an gama. Haka Oga ya koya a wurin nasa ogan, haka ya koya maka, kuma babu motar da ta taɓa kai ƙara.

Saboda haka ka ce masa an gyara, da farce, yadda ake yi.

Zai ce to shi kam sai ya gani da ido. Sannan ya tambaye ka wane abokin ne wannan, kuma wace mota ce, don muryarka ba ta yi masa kama da ta mai jajen wani ba.

Ka ce ba ka jin sa, sabis ɗin Zandam ba shi da kyau. Ka kashe.

Mataki na shida: Ka nemo lodi

Ciwon ba ya fitowa sai da nauyi, saboda haka dole ka kai ta tudu da nauyi. Buhunan riɗin an sayar. Kada ka damu, akwai majalisa.

Ka tuƙa bas ɗin zuwa gindin darbejiyar da ke gaban garejin, ka leƙo ka ce za ka gwada mota zuwa wajen Farin Dutse ka dawo, wa zai raka ka. Kada ka ce lodi kake nema. Dattijo ba ya son a kira shi lodi. Ka ce iska za a sha. Kafin ka rufe baki za ta cika, har da wanda tun safe yake cewa ƙafarsa ba ta takuwa.

Ka tabbata ka samu Hambali mai nama, shi kaɗai buhu uku ne. Ka sa shi can baya a kan taya.

Ka tabbata kuma ranar Alhamis ce. Ba zan gaya maka dalili yanzu ba. Abin da za ka sani kawai shi ne ranar Alhamis babu karatu, kuma malamin da ba shi da karatu yakan shigo gari ya ga yadda ake ciki da motarsa. Kana shirin tashi za ka ga Ɗayyabu ya sauke Malam Abdulbaqi a kan babur. Malam zai amsa gaisuwar jama'a, ya dubi bas cike da dattawa, ya tambaya ko biki ake zuwa. Da aka ce gwaji ne, sai ya naɗe babbar rigarsa ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

Ka tuna inda na ce injin yake.

Mataki na bakwai: Tudun

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta tafi sumul. Za a fara yabonka daga baya, wani ma ya ce tun kana yaro ya ga alamar. Ka ji daɗinsa da sauri, ba zai daɗe ba.

Da hanya ta fara hawa, ka sauke giya ka taka. Za ta ja, ta ja, sai ta yi tari. Ta fizga. Kawunan dattawa su yi gaba su dawo tare kamar masu amsa addu'a. Ta sake fizga, salansa ta harba, goron wani ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera.

Nan take kowa zai zama bakanike. Wani zai ce ruwa ne a tanki. Wani ya ce batir. Wanda ya ga alamar tun kana yaro zai ce da ma ya faɗa a jira Barau. Hambali zai ce shi dai a sauke shi, kuma kada wanda ya kalle shi.

Malam kuwa zai gyara zama. Jikinsa yana rawa da rawar injin da yake zaune a kai, yana jan carbi, idonsa a kan hanya. Ka gangara gefe ka kashe.

Yanzu sai abu mafi nauyi a sana'ar nan, wato ka ce wa mutumin da kake neman 'yarsa ya tashi. Ka sauko, ka zagayo, ka rusuna, ka ce Allah ya gafarta Malam, injin ake so a gani. Zai sauka ya tsaya a inuwar motar.

Ka ɗaga kujera. Ka duba duk abin da ka riga ka duba, don a ga kana aiki. Idan dubawa ta ƙare, kuma idanu suna kanka, ka ciro fulogi ɗaya, ba don kana zarginsa ba, don dai hannunka ya samu abin riƙewa. Ka jujjuya shi a tsumma ya huce. Hannunka da kansa zai yi abin da ya saba, ya zura farce a bakin.

Zai shige daidai, da ɗan kamu.

Ka kalli fulogin. Ka kalli farcen. Ka sake kallon farcen. Daga can Dingaya za ka ji murya tana tambaya ko kofaton rago ne.

Ga darasin, tunda ka biya kuɗinsa da fuskarka. Idan tazarar ta yi faɗi, a gareji wuta tana iya tsallakawa, don babu abin da ya matsa mata. Amma da an taka totur a tudu, gidan fistin ya cika ya matse, sai tsallen ya gagare ta, ta tsallaka wannan karon ta faɗi wancan. Oga ya ce kaurin farce. Bai ce kaurin naka ba.

Mataki na takwas: Ka duba hannayen fasinjojinka

Kada ka sanar da komai. Ka bi su da kallo a hankali kamar mai neman wanda ya ɗauki abu.

Na Ɗayyabu, wanda ya biyo ku a babur don ya ga ƙarshenka, ya cinye shi da haƙori har nama. Na Hambali wuƙa ta sha shi ta ko'ina. Na dattawan majalisa fartanya ta mayar da su 'yan uwan naka. Naka na hagu ka karya shi jiya wajen kwance kabireta.

Saura hannu ɗaya, mai riƙe da carbi. Farce sumul, bai san guduma ba, aikinsa bin layi a kan takarda. Malam ba ya yanke farce sai ranar Juma'a da safe. Da yau Asabar ce da babu abin zurawa. Yau kuwa ya kai iyakar tsawonsa. Ka ga amfanin Alhamis.

Mataki na tara: Ka roƙa

Ka rage bakin fulogin ta hanyar ɗan ƙwanƙwasa shi a kan sifana. Ka goge shi tas. Ka je gaban Malam ka durƙusa, ka ce a sana'arku ana son babban mutum ya sa albarka a kan fulogi, ko zai taimaka ya ɗan zura farcensa a nan.

Zai dube ka, ya dubi fulogin. Wanda ya shekara talatin yana sauraron uzurin yaran da ba su yi tilawa ba, ba a kawo masa sabon uzuri. Amma zai miƙo yatsan. Ka gwada, ka ƙara ƙwanƙwasawa, ka sake gwadawa, har ya shige da kamu. Haka za ku yi wa duka huɗun, kai a durƙushe, shi a tsaye, majalisa ta zagaye ku babu mai tari.

Da kun gama na ƙarshe ba zai janye hannunsa ba. Zai ce, “Kawo naka in gani.”

Babu inda za ka ɓoye shi. Ka miƙa. Zai juya yatsan a cikin hannunsa yana dubawa.

“Da wannan ka auna?”

“Da shi ne, Allah ya gafarta Malam.”

Hambali zai fara dariya, Malam ya ɗaga masa hannu. Sai ya tambaye ka me ya sami farcen. Ka ce guduma. Ya tambaya yaushe. Ka ce tun farkon zuwanka garejin, kafin damina ta bara.

“Ya faɗi, wani ya fito, ya kai haka, duk kana wurin Barau?”

Ka ce e.

“Na ji an ce a wurin tela allura ce ta soke ka ka tafi.”

Kada ka gyara masa, ko da almakashi ne. Ka sunkuyar da kai. Zai saki hannunka ya ce ka mayar da kayanka, rana tana yi.

Mataki na goma: Ka hau

Ka ɗaure fulogi, ka sauke kujera, kowa ya koma mazauninsa, har Hambali da ya rantse da ƙafa zai koma. Ka buga mabuɗi. Ka sa giya, ka taka, kuma kada ka yi numfashi.

Za ta ja. Za ta kai inda ta yi tari ɗazu, ta wuce ba ta ko gaishe da wurin ba. Ka ƙara mata wuta, ta amsa da murya ɗaya har ƙwanƙolin tudun, gonakin dawa suka buɗe a gabanku. A baya za a dawo da yabon da aka janye, wanda ya ga alamar ya sake ganin ta.

Malam zai bari sai hayaniyar ta lafa, sannan ya yi magana yana kallon gaba, kamar da gilashi yake.

“Ranar Asabar kai za ka kai yaran, Ɗayyabu ya zauna a gefenka. In kun dawo ka ce wa kawunka ina gida.” Sai ya ja carbi ɗaya. “Kuma in an shiga Kano ka ba da saƙon ma'aunin nan. Gobe Juma'a, zan yanke.”

Kada ka yi godiya da yawa, hannunka yana kan sitiyari, kuma akwai gangara a gaba.

Bayanin kare kai

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawarwarin nan. Idan ka kai mota tudu ranar Asabar ka tarar surukinka ya yi yankan farce, tsakaninku. Idan naka surukin manomi ne, ka nemi wata 'yar ko wata motar. Idan majalisa ta gano lodi aka yi da ita, ban san ka ba. Idan Malam ya riƙa gaya wa baƙi cewa shi ya gyara bas ɗinsa a hanyar Farin Dutse, bakanike yana riƙe masa tsumma, ka ce haka aka yi.

Abin da Oga Barau zai yi in ya dawo daga Zandam ya leƙa bayan tsofaffin tayoyi ya ga gwangwanin madara, wannan ba ya cikin alkawarin da na yi maka.

Kuma duk wanda ya ce ya san wanda abin ya faru da shi, ƙarya yake yi, misali ne na kawo. Hannuna na dama da kuke gani kullum a aljihu, sanyi yake ji.